Daga giya ta biyu zuwa ta uku: nazarin motar da kwamfutarta ta daina yarda da sensa

## Motar da irin giyarta

Ƙaramar mota ce ta rabon kaya, injin fetur mai silinda huɗu, giya biyar da ribas. Direba ɗaya ke tuƙa ta kwana shida a mako, yawanci cikin cunkoso, a tashi a tsaya. Ranar da matsalar ta fara, mita tana nuna kilomita 146,200. Motar ba ta taɓa yin hatsari ba. Babban aikin da aka taɓa yi mata shi ne sauya farantin kuloci a kilomita 118,000, kuma sai da aka sauke giyabos kafin a yi shi.

Masu irin wannan mota sukan ce otomatik ce, tunda ba ta da fedar kuloci. Amma in aka buɗe giyabos ɗin, na hannu ne sak: busasshen kuloci, shaf mai shiga da mai fita, zoben sinkiro masu daidaita gudu kafin giya ta shiga, da cokulan da ke tura kowace giya. Ƙafar direba da hannunsa kawai aka cire, aka ɗora aikinsu kan ƙananan injinan lantarki guda uku. A nan za a riƙa ce musu moto, don kada a rikita su da motar kanta. Ɗaya yana buɗe kuloci yana rufewa. Sauran biyun suna cikin akwati ɗaya da ke ɗaure a jikin giyabos, wanda ake kira aktuweta. Moton zaɓe yana kai yatsan sandar giya hagu ko dama zuwa layin da ake so: layin 1 da 2, layin 3 da 4, ko layin 5 da ribas. Moton shigarwa kuma yana tura yatsan gaba ko baya har giya ta zauna. Irin tsarin ke nan na Easytronic da Opel ta sa a Corsa wajen shekarar 2000, da MultiMode na Toyota. Wasu kamfanonin da famfon mai suke tura sandar, kamar Dualogic na Fiat, amma a wannan motar lantarki ne ke yin zaɓe da shigarwa.

Kwamfutar giya tana ba kowane moto wuta ta wata gada mai tiransisto huɗu. In ta juya wa wutar fuska, moto ya juya da baya. In tana son rage masa ƙarfi, sai ta riƙa yanka wutar tana sakewa da sauri ƙwarai, ƙarfin ya zama gwargwadon tsawon lokacin da wutar ke a sake. Tana kuma auna yawan wutar da moto ke ja, domin moton da ya haɗu da turjiya yakan ja da yawa.

Sai dai moto bai san inda ya kai sanda ba. Sanin wannan aikin sensa ne, kuma biyu ce a jikin aktuweta, ɗaya ta zaɓe, ɗaya ta shigarwa. Kowacce tana da maganaɗisu da ke juyawa tare da sanda, da ɗan guntun lantarki da ke jin juyawarsa ba tare da sun taɓa juna ba, bisa abin da Edwin Hall ya gano a 1879. Kwamfuta tana aika musu volt 5 da wayar ƙasa, wadda masu gyaran waya ke ce wa at. Kowace sensa tana mayar da amsa ta waya biyu masu kishiyantar juna: in ta farko tana hawa, ta biyu tana sauka, jimillarsu kullum volt 5. A firi, sensar shigarwa tana ba da kusan 2.5 da 2.5. In giya ta zauna a gefe ɗaya, 1.0 da 4.0, a ɗaya gefen, 4.0 da 1.0. An ninka amsar ne don kwamfuta ta sami abin gwada gaskiyar sensa da shi.

## Mako na 1: alamun farko

Da safe motar lafiya ƙalau take. Sai ta yi minti 30 zuwa 40 tana aiki, ta ɗau zafi sosai, sannan abin ke faruwa, kuma kusan kullum a wajen tashi daga tsaye. Ta shiga giya ta 1, ta shiga ta 2. Da lokacin ta 3 ya yi, sai a ji inji ya saki ƙarfi kamar yadda ya saba, a yi jim, sai motar ta koma giya ta 2, fitilar giya ta kama a dashbod. Daga nan ba ta ƙara sauyawa, ko da direba ya mayar da sandar ciki zuwa sauyawa da hannu. In ya tsaya, kuloci yana buɗewa daidai, inji ba ya mutuwa. In ya kashe ta na minti biyu ya sake kunnawa, fitilar ta ɓace, komai ya koma daidai.

An ce wa direban ya riƙa rubuta rana, tsawon tafiya, da giyar da abin ya faru a kanta. Cikin kwana shida ya rubuta sau biyar.

## Mako na 2: goge lamba da sauya batir

An fara sa mata ƙaramar sikana irin wadda ke karanta kwamfutar inji kaɗai. Lamba ɗaya ta fito, P0700. Wannan lamba ba ta nuna abin da ya lalace. Ma'anarta ita ce kwamfutar giya ta nemi a kunna fitilar gargaɗi, cikakken bayanin yana can wajenta. An goge ta. Bayan kwana biyu ta dawo.

Sai aka duba batir. A kashe yana nuna volt 12.1, alhali cikakken batir yakan nuna wajen 12.6. Lokacin kik yana faɗuwa zuwa 9.1. Caji kuwa daidai yake, 14.1 in inji yana aiki. Batirin ya gaji, kuma irin wannan giyabos ba ya son raunin batir, domin moton shigarwa yakan ja fiye da ampiya 20 a ɗan lokaci, in wuta ta gaza sai sauyawa ta yi nauyi ko ta tsaya a hanya. An sauya shi, an wanke kawunansa da farantin da yake zaune a kai. Motar ta yi kwana takwas ba ta yi ba. A na tara ta sake, a kan giya ta 3.

## Mako na 4: sabuwar sensa

Wannan karon an yi amfani da sikanar da ke shiga kwamfutar giya. Lambobi huɗu aka tarar. P0915, amsar sensar shigarwa ba ta dace da abin da ake tsammani ba. P0918, amsar wannan sensar tana zuwa tana yankewa. P0919, an kasa kai sandar shigarwa inda aka nufa. Sai P0905, wadda daidai take da ta farko amma a ɓangaren sensar zaɓe. Waɗannan lambobi ne na bai-ɗaya da ƙa'idar SAE J2012 ta tsara, ma'anarsu ɗaya a kowace mota.

Da yake uku cikin huɗu suna magana ne kan shigarwa, sai aka ɗauki ta huɗun a matsayin wadda ta biyo sahu kawai. An cire soket ɗin sensar, motar tana a sanyaye, aka auna wayoyinta da maltimita, na'urar awon wuta da turjiya, daga soket zuwa kwamfuta. Kowacce ta nuna turjiyar ohm 0.3 ko ƙasa da haka. Aka ce wayoyi lafiya, aka sa sabuwar sensar shigarwa.

Nan take motar ta ƙara rikicewa: ribas ta ƙi shiga, giya ta 1 tana shiga da ƙara. Dalili kuwa ba a koyar da kwamfuta sabuwar sensar ba. Babu sensa biyu da ke zama a wuri ɗaya sak. Tsohuwar tana ba da 2.48 a firi, kuma wannan adadi ne ke ajiye a kwamfuta. Sabuwar tana ba da 2.62. Bambancin ya ishe ta ɗauka cewa sanda tana tsakiya alhali ta ɗan karkata, sai yatsan ya riƙa gogar bakin layi in zai tsallaka.

An yi koyarwar kamar yadda aka tsara. Mota a wuri shimfiɗaɗɗe, birkin hannu a ja, makulli a buɗe, inji a kashe, ƙafa a kan birki. Kwamfuta ta kai moton zaɓe ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ta shiga kowace giya ɗaya bayan ɗaya tana rubuta adadin da sensa ta ba ta a inda sanda ta tokare. Sannan aka ta da inji ta koyi wurin da kuloci ke fara kamawa, aka kuma yi 'yar tafiya ana bin giya daga 1 zuwa 5 a dawo. Ribas ta dawo, ƙarar ta tafi. Kwana tara shiru.

## Mako na 6: ranar da ta ƙi tashi

Matsalar ta dawo da lambobin nan huɗu, babu wadda ta ragu. Sannan wata rana direban ya sauke kaya, ya dawo ya murɗa makulli, fitilu suka kama amma kik bai ko motsa ba, harafin N, alamar firi, yana ƙyaftawa a dashbod. Bayan kusan awa ɗaya, motar ta huce, ta tashi da kik ɗaya.

A nan ya kamata a tsaya a ga abin da kwamfutar ke yi, domin duk alamun da direba ke gani daga shawararta suke fitowa.

Sauya giya daga 2 zuwa 3 matakai ne a jere. Kwamfutar giya ta aika wa ta inji saƙo ta layin CAN, wayoyin da kwamfutocin mota ke magana da juna ta kansu, cewa ta rage ƙarfi. Kuloci ya buɗe. Moton shigarwa ya zare sanda daga 2 zuwa firi. Sai an tabbatar tana tsakiya sosai sannan moton zaɓe zai tsallakar da ita daga layin 1 da 2 zuwa layin 3 da 4. Sai an tabbatar ta isa wannan layin sannan moton shigarwa zai tura ta gaba. Za ta ɗan tsaya a kan zoben sinkiro har gudun shaf ya daidaita, ta wuce ta zauna, kuloci ya rufe, inji ya dawo da ƙarfinsa. Daga 1 zuwa 2, ko daga 3 zuwa 4, layi ɗaya ne, sanda tana ratsa firi ne ta wuce. Daga 2 zuwa 3 da daga 4 zuwa 5 ne ake tsallaka layi.

Me zai faru in kwamfuta ta yi kuskure a wannan tsallakawa? Gaban giya ta 2 a layinta giya ta 1 ce. A wannan giyabos rabon giya, wato juyin shaf mai shiga a duk juyi ɗaya na mai fita, a ta 1 shi ne 3.55, ta 2 1.91, ta 3 1.31. In inji yana juyi 3,500 a minti a giya ta 2, shiga ta 3 zai sauke shi zuwa wajen 2,400. In kuwa sanda ba ta tsallaka ba aka tura ta gaba, ta shiga 1, rufe kuloci zai cilla injin zuwa kusan 6,500 farat ɗaya, tayoyin da ke ja su nemi kullewa a tsakiyar titi. In kuma aka yi ƙoƙarin tsallakawa alhali yatsa bai gama fita daga cokali ba, moto zai danna shi jikin ƙarfe, wani abu ya lanƙwashe.

Saboda haka aka tsara wa kwamfuta matakan kariya, irin aikin da ƙa'idar ISO 26262 ta 2011 ta shata wa masu ƙera na'urorin lantarkin mota. In waya ɗaya ta sensa ta faɗi kusa da sifili ko ta haura kusa da volt 5, wato ta fita daga tsakanin 0.5 da 4.5 da lafiyayyar sensa ke yawo a ciki, kwamfuta ta san wadda ta mutu. Tana iya kunna fitila ta lallaɓa da ɗayar. Mai wuya shi ne wayoyin biyu su kasance cikin iyaka amma jimillarsu ta bar 5. A nan ba ta san wadda ke faɗin gaskiya ba. A wannan kwamfutar, in jimillar ta kauce da fiye da volt 0.3 kuma ta daɗe haka na ɗan abin da bai kai rabin daƙiƙa ba, sai ta jingine sensar gaba ɗaya ta nemi wata shaida.

Shaida biyu gare ta. Ta farko gudu: tana da sensar da ke ƙirga juyin shaf mai shiga, tana kuma samun gudun taya daga kwamfutar birki, daga nan ta lissafa juyin shaf mai fita. In mai shiga yana 2,500, mai fita yana 1,310, rabon ya zama 1.91, to giya ta 2 ce ko da babu sensa. Ta biyu wutar moto: in ta tura sanda gefe guda har wutar ta yi tsalle ta tsaya a sama, sanda ta tokare da ƙarshe. Da waɗannan biyun tana iya komawa giyar da ta baro, domin layin bai canza ba, ta tura sanda baya har ta tokare, ta rufe kuloci a hankali, ta duba rabon gudu ya tabbatar mata. Abin da ba za ta iya da su ba shi ne gane tsakiyar firi, domin a can babu bangon da za a tokara, kuma kuloci a buɗe yake, shaf mai shiga yana yawo shi kaɗai. Shi ya sa motar ke komawa 2 ta zauna a nan.

Ƙin tashin ma daga nan ya fito. Mota a tsaye, inji a kashe, duk gudu sifili ne, shaidar farko ba ta nan. Sensa kuma ba abin yarda ba ce a wannan lokacin. Kwamfuta ba ta da tabbacin cewa giya tana firi, don haka ta hana rile na kik, wato makunnin da ke sakar masa wuta, aiki, kada mota ta zabura kan wanda ke gabanta.

## Mako na 7: aktuweta gaba ɗaya

Da sabuwar sensa ba ta yi magani ba, sai zato ya koma kan moto: ko gawayinsa, guntayen da ke kai wuta ɓangaren da ke juyawa, ya cinye, ko haƙoran cikin aktuweta sun yi wasa. An samo wata aktuwetar da aka ciro daga mota irinta, da moto biyunta da sensa biyunta, aka ɗaura, aka yi koyarwa. Kafin a sa hannu an cire kan batir, domin irin wannan na'ura tana iya motsawa da kanta da zarar kwamfuta ta farka, kuma ƙarfinta ya isa karya yatsa.

Kwana biyar ta yi. A na shida fitila ta kama, lambobin su ne dai huɗun nan.

Zuwa wannan lokaci takardar direba tana ɗauke da sau 19: 14 daga giya ta 2 zuwa ta 3, uku daga 4 zuwa 5, biyu daga 1 zuwa 2. Babu ko ɗaya a minti 25 na farkon tafiya.

## Mako na 8: awo

An dakatar da sauya kaya. Abu na farko da aka yi shi ne buɗe bayanin da kwamfuta ke ajiyewa tare da kowace lamba, wato hoton halin da mota ke ciki a lokacin da aka rubuta ta. P0915 ta shigarwa da P0905 ta zaɓe sun zo da gudu ɗaya, juyin inji ɗaya, zafin ruwa ɗaya. A daƙiƙa ɗaya aka rubuta su. Zanen wayoyin motar ya nuna abin da sensa biyun suka yi tarayya a kai: wayar volt 5 ɗaya ce ke fitowa daga kwamfuta ta rabu biyu a wata mahaɗa cikin damin wayoyi, haka ma wayar ƙasa.

Sai aka haɗa osiloskop, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allo. An zura siraran allurai ta bayan soket, ba a huda robar waya ba. Layi biyu a kan amsoshin sensar shigarwa, na uku a kan wayar ƙasa a bakin sensa, ana auna ta da ƙafar ƙasa ta kwamfuta, wato inda wayar ke shiga soket ɗinta, na huɗu kuma maƙalin auna wuta a kan wayar moton shigarwa. Aka fita da motar.

Wutar moton ta fito tsaf: ampiya 4 zuwa 6 in sanda tana tafiya a sake, 15 zuwa 18 a kan sinkiro, wajen 25 na ɗan ƙiftawa in ta tokare. Da gawayi ne ya cinye, da an ga zanen yana yayyankewa. Da cokali ne ya yi tauri ko sinkiro ya ƙare, da wutar ta yi yawa ta daɗe, amsar sensa kuma ta fito sumul amma tana jan ƙafa. Babu ko ɗaya.

A sanyaye, wayar ƙasa tana nuna volt 0.03, jimillar amsoshi 5.0. A minti na 38, daidai lokacin da inji ya saki ƙarfi don shiga giya ta 3, layin ƙasa ya yi tsalle zuwa 0.48. Amsoshin biyu suka hau tare: a firi, inda ya kamata a ga 2.5 da 2.5, aka ga 2.74 da 2.74. Fitila ta kama.

Hawan da suka yi tare shi ne ya bayyana komai. In sanda ce ta motsa, ɗaya za ta hau ɗaya ta sauka. In guntu ɗaya ne cikin sensa ya lalace, ɗaya ce za ta kauce. Amma in wayar ƙasa ta samu turjiya, sifilin da sensa ke aunawa daga kansa ya ɗaga sama, duk amsoshinta su ɗaga tare, jimillar ta haura 5 da daidai abin da ya maƙale a wayar ƙasa: 5.48 a nan. Da wayar volt 5 ce ke da turjiyar, da jimillar sauka za ta yi. Sensa biyun tare suna jan wajen miliampiya 40, saboda haka volt 0.48 yana nufin turjiyar ohm 12 a wayar da ya kamata ta kasance ƙasa da rabin ohm.

An koma wurin aiki motar tana da zafi. Mutum ɗaya yana kallon allo, ɗaya yana bin damin wayoyi yana lanƙwasawa taƙi bayan taƙi. A ƙarƙashin farantin batir, inda damin ke barin jikin mota ya sauka kan giyabos, taɓawa kaɗan sai layin ya yi tsalle. Don tabbatarwa, aka ja wata waya ta wucin gadi daga ƙafar ƙasa ta sensa kai tsaye zuwa ƙafar ƙasa ta kwamfuta. Ba a ɗaura ta a jikin giyabos ko bodi ba, domin manyan wutoci irin na kik da caji suna komawa ta can, kuma za su ɗaga sifilin sensa su haifar da irin matsalar da ake nema. Da wannan waya an yi awa biyu ana tuƙi, ana kuma jijjiga damin, layin bai wuce 0.02 ba.

Da aka kwance tef, aka ga wayar ƙasa, mai kaurin milimita murabba'i 0.5, lafiya daga waje. Santimita huɗu daga mahaɗa, a ɓangaren da ya nufi kwamfuta, robar ta ɗan yi laushi. Aka tsaga. Siraran tagullar ciki duk sun karye, bakunansu sun yi baƙi, roba kaɗai ke riƙe da su suna taɓa juna. Maƙalin roba da ya kamata ya riƙe damin a jikin giyabos a karye yake, karayar ta tsufa ta cika da ƙura. Robar da giyabos ke zaune a kai ta gefen nan, wadda kanikawa ke ce wa injin sit, ita ma ta tsage. Da aka sa ƙarfe aka ɗaga, giyabos ya motsa fiye da santimita biyu.

## Mako na 8: gyara

An yanke santimita 15 na wayar har da tsohuwar mahaɗar, aka sa sabuwa mai kauri ɗaya. An haɗa ta da matsewa, aka rufe da robar da ke tsukewa da zafi mai gam a ciki don hana ruwa. Ba a yi amfani da dalma ba, domin dalma tana bin tagulla ta sandare ta, waya ta riƙa lanƙwasa a inda taurin ya ƙare har ta sake karyewa a nan. Wayar volt 5 da ke kusa ta fara nuna karyewa a wuri ɗaya, aka sauya ta ita ma. Sauran wayoyin damin an ja su ɗaya-ɗaya da hannu, babu wadda ta miƙe.

An sa sabon maƙali, aka bar wa damin ɗan sassauci tsakanin bodi da giyabos yadda motsin inji ba zai ja shi ba. An sauya injin sit. An duba gawayin aktuwetar motar ta asali, aka ga da sauransa sosai, haƙoranta babu wasa, sai aka sa mata sabon giris aka mayar da ita, aka cire ta aron. An sake koyarwa tun daga farko, aka goge lambobi.

Gwaji ya ɗauki kwana biyu, kilomita 60, an bar motar ta yi zafi ta huce sau uku. Wayar ƙasa ba ta wuce volt 0.02 ba, jimillar amsoshin kowace sensa tana tsakanin 4.98 da 5.02.

## Wata uku bayan gyara

Motar ta ƙara kilomita 7,400 a kan aikinta na da. An sa mata sikana sau biyu a tsakani, babu lamba ko ɗaya, har da waɗanda kwamfuta ke ajiyewa kafin ta tabbatar da matsala. Ba ta sake ƙin tashi ba.

## Hukunci

Sensa uku aka ɗora wa laifi a ɓangaren shigarwa, ta asali, sabuwa, da ta aktuwetar aro, kuma dukkansu lafiyayyu ne. Lamba irin P0915 tana magana ne kan dukkan hanyar da amsa ke bi, tun daga wutar da ke ciyar da sensa, wayar ƙasa, soket, har ƙafar kwamfuta. An karanta ta kamar sunan kayan da za a saya. Babban abin da aka tsallake tun mako na 4 shi ne P0905. Sensa biyu mabambanta ba sa lalacewa a daƙiƙa ɗaya, kuma bayanin da zai nuna haka yana ajiye a kwamfuta tun ranar.

Awon ohm da aka yi a lokacin bai yi ƙarya ba, sai dai an yi shi a halin da matsalar ba ta nan. Mota a sanyaye, robar waya ta yi tauri ta matse karyayyun bakuna, maltimita kuma wuta 'yar kaɗan take turawa, taɓawa ɗaya ta ishe ta nuna 0.3. Matsalar da ke zuwa da zafi da motsi, ana auna ta ne da zafi da motsi, kuma ta hanyar duba abin da ke maƙalewa a waya tana cikin aiki, soket a haɗe.

Hutun kwana takwas, tara da biyar da aka samu shi ya fi ɓatar da masu gyara, domin kowanne ya yi kama da nasara. Cire farantin batir, cire soket, sauke aktuweta, duk suna motsa damin nan a daidai wurin karaya, bakunan su goge juna su sake haɗuwa na ɗan lokaci. Batirin dai ya cancanci sauyawa, amma volt 5 na sensa a cikin kwamfuta ake daidaita shi, raunin batir irin wannan ba ya taɓa shi.

Asalin karayar kuwa, alamu sun fi karkata ga aikin kulocin da aka yi kilomita 28,000 kafin nan, lokacin da aka sauke giyabos: maƙali ya karye ba a maye shi ba, damin ya zauna a ɗame. Da injin sit ya tsage, kowane sakin ƙarfi da kamawa ya zama fizga a wuri ɗaya. Lokacin sauya giya ne inji ke girgiza mafi yawa, kuma lokacin ne kwamfuta ta fi buƙatar sensa, musamman daga 2 zuwa 3 inda dole ta tsaya a firi ta tabbatar da amsar sensa biyun kafin ta ci gaba.

Ita kwamfutar ta yi abin da ya kamata a kowane karo cikin 19 ɗin: ba ta shiga giyar da ba ta tabbatar ba, ba ta saki mota a firi a tsakiyar titi ba, ta bar wa direba giyar da zai kai kansa gefen hanya. Inda tsarin ke da rauni shi ne wayoyin. An ninka amsa a cikin kowace sensa, amma amsoshi huɗun duk a kan wayar ƙasa ɗaya suke tsaye, don haka karaya ɗaya ta kwashe su gaba ɗaya, matakin lallaɓawa da amsa guda bai samu wurin aiki ba. Da kowace sensa tana da tata wayar ƙasa har zuwa kwamfuta, da lambobin sun fito a ɓangare ɗaya kawai, sensar ɗaya ɓangaren kuma ta ci gaba da ba da amsa ta gaskiya.